Tsakuwar Cikin Wake

Da haƙori na fara wannan karatu.
Wata Laraba Dije ta dafa wake,
na kai loma ta uku, sai ji na yi ƙas!
Na tofo ta a tafin hannu, 'yar fara,
ba ta kai ƙwayar dawa ba.
Ta ci rabin turmina, ita ko ƙwarzane babu.
Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tsaya kallo.
Shekara sittin da biyu ina taka irinta
ban taɓa tambayar sunanta ba.

Tun da aka rufe masaƙa a Kakuri
ba abin da ya yi mini yawa sai lokaci.
Fansho kamar ruwan famfon unguwarmu,
kullum sai dai a ce ya zo wa na layin baya.
Da safe shayi wajen Barau, gardamar kuɗin mai,
da hantsi in kwance rediyon da mai shi ya manta,
azahar ta yi, la'asar ta biyo sawu.

Yanzu in rana ta yi sanyi nakan gangara kogi,
inda masu ɗibar yashi ke loda tifa.
Baba Mai Tsakuwa suke ce mini. Ina amsawa.
Na ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika,
in ja shi cikin yashi ya fito da baƙin gemu.
Sagiru jikana ya ce tsafi ne.
Na ce ƙarfe ne da bai san hanyar maƙera ba tukuna.

Kazah, abokin aikina a ɗakin rini,
ya kawo mini tsaraba daga Kagoro cikin safa.
Wani mai ɓarewa falle-falle kamar albasa,
in ka ɗaga shi sai ka hangi rana ta cikinsa.
Wani baƙi ƙirin, ɗan mitsitsi, da nauyi kamar bashi,
ya ce sunansa kuza,
kakansa a ramin haƙarsa ya yi furfura.

Ba ni da littafi.
Ina da ƙusa, da fasasshiyar kwalba, da lemon tsami.
Wanda ƙusa ta karce in ajiye shi gefe,
wanda ya karce kwalba in cire masa hula.
Wani fari na matsa wa lemo,
ya yi kumfa, ya ja tsaki,
kamar Dije in na zauna mata kan faifai.

Kowa ya leƙo, tambayarsa ɗaya: nawa za a saya?
Ko akwai zinari a ciki?
Babu. Ga dai wannan mai sulɓi kamar ƙwai,
ban san damina nawa kogi ya yi yana lasarsa ba
kafin kaifinsa ya kwanta.
Ni da awa biyu a layin banki ke sa ni zazzaɓi,
shi nake juyawa cikin aljihu har a kira lambata.

Taga ta cika da gwangwanayen madara.
Dije ta ce mutane na tara kuɗi,
nata mijin na tara abin jifa.
Na ce to kanwar miyarki fa?
Tozalin idonki, gishirin da ke hannunki,
da dutsen niƙan Inna da kika hana a taɓa?
Kin riga ni tarawa, ba ki dai jera su a taga ba.
Ta harare ni, ta koma tsintar shinkafa.

Da magariba na dawo daga masallaci,
na tarar da kwalin ashana a kan matashina.
A ciki 'yar farar nan ta farko,
kusa da ita wata ja, mai ɗigon baƙi,
wadda ban taɓa ganin irinta ba.
Daga madafa na ji muryarta:
A shinkafa na samo. Duba ta da ƙusarka
kafin ta ci sauran haƙoran.